Yadda ake wasa ruwan kibiya mai kaifin gefe ɗaya, da yadda ake zaɓa mata gashin da ya dace

Kibiyar da ake magana a kanta a nan ba irin ta maharbanmu ba ce. Tamu ta gargajiya kyauro ce da ɗan ƙaramin ƙarfe mai kunne, ba ta da gashi a gindi, kuma dafi ke yi mata aiki. Wannan kuwa ta mafarautan baka ce na Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu, waɗanda suka riƙe baka mai tsirkiya ɗaya ba tare da ƙananan tayoyin da ke jikin bakan zamani ba. A yawancin jihohin Amurka doka ta hana dafi, jihohi da dama kuma sun hana ƙarfe mai kunne, don haka abin da zai kashe dabba shi ne kaifi da zurfin shiga kawai. Shi ya sa suka mayar da washi wani ilimi na musamman.

Wuƙar gida ana wasa ta ta fuska biyu, gangara biyu su haɗu a tsakiya. Almakashi da gizago ba haka suke ba: fuska ɗaya ce ke da gangara, ɗayar a shafe take. Ruwan kibiya mai kaifin gefe ɗaya irin na almakashi ne. Yana da baki biyu, dama da hagu, kowane baki da gangara ɗaya, amma gangarar wannan bakin tana sama, ta wancan tana ƙasa. Idan ya shiga nama, naman na danna wannan bakin ƙasa, yana ɗaga wancan sama, sai ƙarfen ya riƙa juyawa yana tafiya kamar noti. In ya ci karo da ƙashi, wannan murɗawar ce ke tsaga ƙashin, maimakon ƙarfen ya cije a ciki kamar gatari a danyen ice.

Wanda ya fi kowa yayata wannan shi ne Dakta Ed Ashby, Ba'amurke, wanda ya fara gwaje-gwajensa a lardin Natal na Afirka ta Kudu a tsakiyar shekarun 1980, daga baya ya ci gaba da su a kan ɓaunar Asiya da ke arewacin Ostireliya. Daga cikin abin da ya fitar: gangarar kaifi ta digiri 25, ruwa mai tsawon da ya ninka faɗinsa kusan sau uku, da kibiya mai nauyin da ya kai giren 650, wato kusan giram 42, idan ana son fasa ƙashi mai kauri. Ya kuma nuna cewa idan gashin kibiya na juya ta wani gefe, ƙarfen kuma na son juyawa wani gefen, ana asarar zurfin shiga. Saboda haka washi da zaɓen gashi aiki ɗaya ne, kuma tun kafin ka sayi komai ya kamata ka san gefen da kake.

Gane dama da hagu

Ɗora ruwan a tafin hannunka a kwance, tsininsa na kallon gaba, gindinsa na kallonka. Dubi bakin da kake ganin gangararsa a sama. In na dama ne, ruwan na dama ne, kuma zai juya yadda hannun agogo ke tafiya idan kana kallo daga gindin kibiya. In na hagu ne, na hagu ne, zai juya saɓanin agogo. Ko ka kifa shi ɗaya fuskar, amsar ba za ta canja ba.

Gashi ma haka. Ana yanko shi ne daga dogayen gashin fiffiken talotalo, kuma na fiffiken dama daban, na hagu daban. Kowane gashi yana da fuska mai santsi da ƙyalli, wadda ke sama a jikin tsuntsu, da fuska mai kaushi da ɗan fari-fari, wadda ke ƙasa. Iska ta fuskar mai kaushi take turawa. Riƙe kibiya kamar za ka harba, ka juya ta har gashi ɗaya ya tsaya a sama. In fuska mai kaushi tana hagunka, kuma ɗan tudun ƙashin gashin ya leƙo ta hagu, gashin fiffiken dama ne, zai juya kibiya yadda agogo ke tafiya. In tana damanka, na hagu ne.

Ƙa'idar ke nan: ruwan dama da gashin dama, ruwan hagu da gashin hagu. Ba ruwan wannan da ko kai bahago ne ko badama, domin kibiya ba ta fara juyi sosai sai ta bar baka. Ka zaɓi gefe ɗaya ka tsaya a kai, don kada kayanka su gauraya.

Kayan washi

Magagari mai ƙananan haƙora masu layi ɗaya, mai tsawon inci 8 ko 10. Dutsen washi mai shafaffiyar fuska, in da hali irin faifan ƙarfen nan mai garin daimon: mai kaushi lamba 220 zuwa 325, matsakaici 600, mai laushi 1200. In babu, samfefar da ake jiƙawa da ruwa lamba 220, 400, 600, 1000 da 2000, a manna ta a kan gilashi mai kauri ko tayil mai santsi, ta wadatar. Sai maka baƙa wadda ba ta gogewa, da fata mai tauri a manne a kan katako, da ɗan sabulun goge ƙarfe, da guntun sandar kibiya mai tsawon kamu ɗaya da za ka ɗaura ruwan a kai ya zama maka ƙota. Kada ka riƙe ruwan da yatsu tsirara. Akwai na'urorin da ke riƙe kusurwa, irin na kamfanin KME, suna sauƙaƙa aiki, amma ba dole ba ne.

Dutsen da ya yi kwarmi a tsakiya saboda yawan wasa wuƙa ba zai yi wannan aiki ba. Ɗora rula a kansa ka ɗaga shi sama; in kana hango haske a ƙarƙashin rular, ajiye shi.

Kafin komai, gwada taurin ƙarfen. Ja magagari sau ɗaya a kan gangarar. In ya kama, yana fitar da gari, ana iya fara aikin da shi. In ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, ƙarfen ya fi ƙarfinsa, kai tsaye ka koma faifan daimon ko samfefa. Matsa wa magagari a kan irin wannan ƙarfe kashe magagarin kawai zai yi.

Mataki na farko: bayan kaifi

Mutane da yawa da gangara suke farawa, su yi ta fama, kaifi ya ƙi fitowa. Dalili kuwa yana ɗaya fuskar. Kaifi mahaɗar fuska biyu ne. In ɗaya ta yi sumul ɗayar kuma tana da fenti ko kurajen maƙera, mahaɗar ba za ta yi kyau ba. Yawancin ruwan da ake sayarwa suna zuwa da fenti ko wani shafi mai santsi a jiki, kuma dole a cire shi a bakin kaifi.

Shafa maka a bayan bakin, wajen faɗin milimita 3 daga kaifi. Kwantar da wannan fuskar a kan dutse lamba 400 ko 600, amma a gefen dutsen, yadda tudun tsakiyar ruwan, inda sanda ke shiga, zai rataya a waje. In tudun ya hau dutse zai ɗaga ruwan, ka yi wa bayan gangara ba ka sani ba. Ɗora yatsu biyu a kai, ka riƙa gogawa gaba da baya a hankali. Duk bayan goga goma ka duba. Abin da kake nema shi ne siririn layin farin ƙarfe, ko da milimita ɗaya ne, wanda ya bi bakin tun daga gindi har tsini ba tare da yankewa ba. Ba sai duk fuskar ta yi fari ba. Da ka samu, bi shi da lamba 1000 ko 1200, ka bar shi. Wannan aiki sau ɗaya ake yinsa a rayuwar ruwan.

Mataki na biyu: kafa gangara

Nan aikin yake. Baƙanta gangarar gaba ɗaya da maka. Alherin kaifin gefe ɗaya shi ne gangararsa na da faɗi, hannu na jin ta idan ta zauna. A digiri 25, faɗin gangara ya kan ninka kaurin ƙarfen kusan sau biyu da rabi: ƙarfe mai kaurin milimita 1.8 zai ba ka gangarar da ta ɗan haura milimita 4. Wannan ma hanya ce ta auna kusurwa ba tare da na'ura ba. In gangarar ta fi haka ƙanƙanta, kusurwar ta fi 25 tsayuwa. Wasu kamfanoni da gangan suke yin nasu a digiri 30 ko sama da haka don bakin ya jure ƙashi. In irinsu ka saya, bi kusurwar da suka zo da ita, kada ka ce sai ka mayar da ita 25.

Ɗora gangarar a kan dutse mai kaushi, ka ɗan jijjiga ruwan har ka ji ta zauna daram. Kulle wuyan hannunka, motsin ya fito daga kafaɗa. Tura kamar kana son yanko ɓawon dutsen, kana ɗan zamewa gefe yadda duk tsawon bakin zai ratsa dutsen a turi ɗaya. Yi sau biyar, ka ɗaga ka duba makar. In ta goge a kafaɗar gangara kawai, can nesa da kaifi, ka kwantar da yawa ko kuma kamfanin ya bar bakin da kauri. In ta goge a bakin kaifi kawai, ka ɗaga da yawa, kuma kana kan hanyar yin ƙaramar gangara ta biyu. In ta goge a tsakiya ta bar gefe da gefe, gangarar na da doro, sai an ci gaba har ta shafe.

Mai aiki da magagari kuma ya damƙe ƙotar a abin matse ƙarfe irin na makanikai, gangarar na kallon sama. A kwantar da magagarin a kanta, a tura daga gindin ruwa zuwa tsini, a ɗaga, a dawo. Magagari a turi yake ci, ja da baya dakushe shi yake yi. Wanda hannunsa bai zauna ba ya yanka katako mai siffar gangara, tsawon ƙasansa santimita 10, tsayinsa santimita 4.7, wannan digiri 25 ne, ana ajiye shi kusa don ido ya riƙa gwadawa.

Ba za ka bar dutse mai kaushi ba sai leɓe ya fito. Leɓe shi ne ɗan siririn ƙarfen da ke lanƙwashewa ya koma bayan kaifi idan gangara ta cinye har ƙarshe. Ana jin sa in an shafa babban yatsa a bayan ruwan daga tsakiya zuwa waje, ya ƙetare bakin. Kada ka taɓa bin tsawon kaifi da yatsa. Dole leɓen ya kasance ko'ina, daga gindi har tsini. Wuri biyu ne ya fi ƙin fitowa: santimita ta ƙarshe kusa da tsini, da kusurwar gindi. In akwai inda babu leɓe, wurin bai wasu ba, kuma babu dutse mai laushin da zai gyara shi, ko za ka kwana kana gogawa. Sabon ruwa mai kaurin baki na iya cin minti 20 ko fiye a wannan mataki kaɗai. Gaggawa a nan ita ce babbar sanadin kibiyar da ke ƙyalli kamar madubi amma ba ta yanka komai.

Ƙirga turin da ka yi wa baki ɗaya, ka yi wa ɗayan kwatankwacinsa. In ka cinye gefe ɗaya fiye da ɗaya, tsinin zai kauce daga tsakiya, kibiyar kuma za ta riƙa karkata a iska.

Mataki na uku: lallashi

Daga nan sauƙi ne. Koma lamba 600, sake shafa maka, ka yi turi 15 zuwa 20 a kowane baki, har zanen dutse mai kaushi ya ɓace. Sai 1000 ko 1200, sai 2000 in kana da ita. Kowane hawa ka rage nauyin hannu. A na ƙarshe nauyin ruwan kansa ya kusa isa. Goge ruwan da tsumma kafin ka canja dutse, domin ƙwayar yashi ɗaya ta dutsen baya na iya zana maka layi a gangarar da ka gama.

Mataki na huɗu: cire leɓe

A nan ake ɓata aikin da aka gama. Kwantar da bayan kaifin a shafe a kan dutse mafi laushi, kamar yadda ka yi a farko, ka ja sau biyu ko uku ba tare da dannawa ba. Leɓen zai koma ta gefen gangara. Juya ka yi wa gangara turi ɗaya marar nauyi. Sake juyawa, ja ɗaya. Haka za ka yi ta kai da komowa har ya gaji ya karye. Wani lokaci za ka gan shi a kan dutse kamar silin gashi.

Zuciya za ta raya maka ka ɗan ɗaga bayan don leɓen ya fita da wuri. In ka yi haka ka mayar da ruwan mai gefe biyu a daidai inda ya fi muhimmanci, kusurwar bakin ta ƙaru, kuma gyaransa sai an koma dutse mai kaushi an cinye ƙarfe mai yawa.

Sai fata, kamar yadda wanzami ke yi wa aska. Shafa mata sabulun goge ƙarfe kaɗan. A kan fata ja da baya ake yi, kaifin na bin baya, ba ya gaba. Ja goma a gangara, biyu ko uku a baya a shafe. Kada ka murɗa hannu a ƙarshen ja, kada kuma ka danna, domin fata na lotsawa ta naɗe bakin ta dasashe shi. Bayan kwali ma yana yi in babu fata.

Tsini fa? Ruwa da yawa, irin su samfurin da ake kira Grizzly, ba su ƙare da tsini siriri kamar allura ba. An ɗan datse ƙarshen da gajerun baki biyu masu tsayuwar kusurwa, don kada ya lanƙwashe ko ya zame in ya daki ƙashi a karkace. Waɗannan gajerun bakin su ma ana wasa su, kowanne a kan gangararsa, da ɗan turi kaɗan. Kada ka ga kamar an yi kuskure ka ce za ka fiƙe shi.

Gwajin kaifi

Aske gashin hannu shi ne gwajin da kowa ya sani, amma yana ruɗi: leɓen da bai fita ba ma yana aski, sai dai da ya taɓa fatar dabba zai kwanta. Don haka a haɗa da wasu. Kalli bakin kai tsaye a ƙarƙashin fitila. Kaifi na gaskiya ba ya mayar da haske, duk inda ka ga ɗigon ƙyalli wurin a dakushe yake. Sannan ɗaure robar ɗaure kuɗi tsakanin ƙusa biyu ba tare da ka ja ta sosai ba, ka tura ruwan a hankali. Roba na gudun kaifi kamar yadda jijiyar jini ke yi. In ta tsinke da taɓawa, ya yi. In ta miƙe tana bin bakin, saura aiki. A gwada gindi, tsakiya da kusa da tsini, a baki biyun.

Akwai masu tsayawa a magagari, suna cewa baki mai ɗan kaushi kamar zarto ya fi yanka. Hujjar ɗaya ɓangaren ta fi ƙarfi. Yankan da ya fita sumul ya fi daɗewa yana zubar da jini, yagaggen rauni kuwa saurin daskarewa yake yi. Duk wanda reza ta taɓa yanka ya san wannan. Ga Musulmi kuma akwai ƙarin dalili, tunda a hukuncin farauta abin da makami ya huda da kaifinsa ne ake ci, ba wanda ya buge da faɗinsa ba.

Da ka gama, shafa basilin ko man keken ɗinki kaɗan a bakin. Ƙarfe mai riƙe kaifi yakan yi saurin tsatsa, kuma tsatsa daga bakin take fara ci. A cikin kwari kowane ruwa ya samu raminsa, kada biyu su gogi juna. Yawan zarewa da mayarwa cikin soson kwari ma yana rage kaifi, shi ya sa ake sake bi da fata duk bayan kwana biyu ko uku a daji.

Ɗora ruwa a sanda

In sandar ice ce, ana fiƙe bakinta da kusurwar digiri 5, a wanke cikin ramin ruwan da sifirit don cire maiƙon kamfani, a manna da gam ɗin da ake narkarwa da wuta. Zafi kaɗan ake so, kuma a ramin kawai. In wuta ta taɓa bakin har ya canja launi, taurin ƙarfen ya tafi. In sandar kabon ce ko alminiyam, yawanci ɗaurawa ake yi a zare kamar noti. Ko wacce ce, tsayar da kibiyar a kan tsininta bisa katako ka murza ta kamar katantanwa, ka kalli inda ruwa ya haɗu da sanda. In wurin na rawa, ruwan bai zauna daidai ba: a ɗumama gam a juya shi kaɗan a sake gwadawa. Ruwa mai faɗi fiffike ne a gaban kibiya, ƙaramar karkata a nan za ta zama babbar kauce a yadi 20, kuma babu yawan gashin da zai rufe wannan aibi. Ya fi aminci a yi wannan daidaitawa kafin washin ƙarshe.

Ana yawan gardama kan wane gefe ne ke kwance zare. Abin da kowa ya gani shi ne gashin hagu na sassauta kan atisaye, wato tsinin ƙarfe marar kaifi da ake sa wa kibiya don koyon harbi, idan ya daki abin bara, domin kan ya tsaya sanda kuma na ci gaba da juyawa ta hanyar kwancewa. A ruwa mai gefe ɗaya lissafin ya ɗan rikice, tunda shi kansa ruwan ne ke jan juyin bayan ya shiga. Maimakon gardama, shafa kakin tsirkiya a zaren ka ɗaure tamau, magana ta ƙare.

Manna gashi

Irin wannan baka marar tayoyi kibiya na gogar jikinta ko hannun mai harbi yayin fita. Gashin tsuntsu na kwantawa ya wuce. Fiffiken roba kuwa dukan wurin yake yi ya harba gindin kibiya gefe. Don haka gashi na gaske za ka nema.

Ma'aunin da aka saba da shi ga ruwa mai faɗi shi ne gashi uku masu tsawon inci 5, tazarar digiri 120 tsakaninsu, ko huɗu masu inci 4 a digiri 90. Yawan da kake buƙata ya danganta da nauyin gaban kibiya. Auna tsawonta daga cikin tsagar gindi zuwa ƙarshen sanda. Ɗora ta da ruwanta a kan kaifin rula ka nemo inda ta daidaita, ka auna daga tsagar zuwa nan. Cire rabin tsawon daga wannan, ka raba da tsawon, ka ninka da 100. Misali, kibiya mai inci 30 da ta daidaita a inci 21: 21 a cire 15 saura 6, a raba da 30, ya ba da kashi 20 cikin ɗari. Ashby ya ɗauki kashi 19 zuwa sama a matsayin nauyin gaba mai yawa. Irin wannan kibiya gashinta na da doguwar tazara daga madaidaicinta, don haka kaɗan ya ishe shi ya sarrafa ta, har wasu na sauka zuwa gashi huɗu masu inci biyu da rabi. Wanda sakin tsirkiyarsa bai gama nuna ba ya tsaya a inci 5. Yana yafe kuskure.

Ana manna gashi da na'urar da ke riƙe sanda da wani maƙalli mai kama gashin, sanannen cikinsu shi ne Bitzenburger. Maƙallin iri uku ne: miƙaƙƙe, mai murɗin dama, mai murɗin hagu. Gashin dama maƙallin dama, ko miƙaƙƙe da aka ɗan karkatar yadda gaban gashin zai fi gindinsa matsawa dama in kana kallo daga gindin kibiya. In ka sa gashin dama a maƙallin hagu, ƙashinsa zai ƙi kwanciya, iska kuma ta riƙa bugun fuska mai santsi.

Goge inci 7 na ƙarshen sanda da sifirit, kada ka sake taɓawa da hannu. Sa gashi a maƙalli yadda ƙarshensa zai tsaya kusan inci ɗaya daga tsagar gindi, don yatsu su samu wuri, ka yi wa maƙallin alama don sauran su zo daidai. Gwada shi a bushe tukuna, ka leƙa ta gefe: ƙashin gashin ya taɓa sanda daga farko har ƙarshe. A siririyar sandar kabon murɗi mai yawa kan sa gaba ko baya ya rataya a iska. Sai a rage karkatar. In ya zauna, ja siririn layin gam a ƙashin, ka danna, ka ba shi lokacin da aka rubuta a jikin gam ɗin kafin ka buɗe maƙalli. Bayan an gama duka, ɗiga gam a gaban kowane gashi da bayansa. Ɗigon gaba shi ke hana shi ɓarewa, shi ke kuma hana ƙashin gashi shiga hannun mai harbi a kan dunƙulen yatsa.

Mai sarrafa gashinsa da kansa ya ware na dama da na hagu tun ranar da aka fige talotalo, kowanne a ledarsa. A tsaga ƙashin biyu a tsaye, a riƙe ɓangare mai faɗi, a matse shi tsakanin ƙarfe biyu a goge ƙashin da samfefa har ya yi siriri ya shafe. Gashin dama biyu da na hagu ɗaya a kibiya guda faɗa za su yi ta yi da juna. Gashin da ya yamutse kuma tururin buta na miƙar da shi.

Gwaji a fili

Kafin ka zargi gashi, tabbatar sandar ta dace da bakar. Harba sanda marar gashi, mai kan atisaye daidai nauyin ruwanka, daga yadi 10 zuwa 15. Ga mai jan tsirkiya da dama, in gindinta ya karkata hagu a iska, sandar ta yi laushi: rage tsawonta kwatan inci kwatan inci, ko rage nauyin kai. In ya karkata dama, ta yi tauri: ƙara nauyin kai. Ga bahago a juya. In gindin ya ɗaga sama, a ɗan sauke alamar da ke kan tsirkiya, inda gindin kibiya ke zama. Kada a taɓa harba ruwa mai faɗi a sanda marar gashi, ba ka san inda zai nufa ba.

Sannan harba masu gashi daga yadi 20, mai kan atisaye da mai ruwa bi da bi. In suna sauka wuri ɗaya, an dace. In masu ruwa na sauka dama da sauran ga badama, har yanzu akwai laushi. In hagu, tauri. In kibiya ɗaya ce tak ke kaucewa, laifin nata ne, a sake murza ta a kan tsini. Rubuta lamba a jikin kowacce don ka gane mai laifin.

Kana iya ganin juyin da idonka. Yi wa gashi ɗaya alama, ka tura kibiyar da hannu a hankali cikin soso mai tauri, ka kalli gefen da gashin ke bi. Ya zama shi ne gefen da gashin ke juya ta a iska. Wajen zarewa daga abin bara, ja ta a miƙe ka bar ta ta warware da kanta, kada ka murɗa sandar, in ba haka ba ruwan zai kwance ya zauna a ciki. Duk ruwan da ya shiga soso ko sau ɗaya ne, a mayar da shi kan dutse lamba 1200 da fata kafin ya shiga kwari.